Yadda Mama Ta Je Jana'izar Vera

Greenpoint, Brooklyn,
21 ga Nuwamba, 1993.

Zuwa ga Yaya Halina,

Ina miƙo miki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Desmond da yara. Allah Ya ƙara wa Desmond sauƙin bayan nan nasa, Ya sa aikin da likitoci suka yi masa ya zama shi ne na ƙarshe. Mun yi murna da jin Monika ta ci jarrabawarta. Mama ta manna hotonta a ƙofar firiji, duk wanda ya shigo sai ta ja shi ya gani, har mai gyaran famfo bai tsira ba. Mu nan lafiya lau muke. Sanyi ya fara shigowa, ku kuma can Perth na san zafi kuke shiga. Goggo Zofia ta koma wajen 'yarta, ta ce hawa bene ya fi ƙarfinta. Maigidana Jerzy yana nan yana fama da aikinsa na gyaran lif, na'urar hawa bene, ya ce in gaishe ki. Mama kuwa gwiwa ce kawai ke damun ta, amma bakinta garau yake, kamar yadda za ki ji.

Na samu wasiƙarki da guntun jaridar da kika yanko, mai hoton Mama tsaye a kan dandamali tana leƙa akwatin gawa. Kin tambaye ni ko ta fara rikicewa ne muke ɓoye miki. Ki kwantar da hankalinki, Yaya. A cikin mutum kusan dubu biyu da suka cika zauren nan, ita kaɗai ce kanta yake daidai. Amma ba za ki gane abin da ya faru ba sai na koma da ke baya, domin ke tun kina yarinya ba ki taɓa buɗe mujallar Hayaƙi ba sai in za ki kunna murhu da ita. A da ina jin haushin hakan. Yanzu na ga ke ce mai hankalin gidanmu.

Tushen dai kin sani, amma zan maimaita saboda Monika. A 1944 Baba ya faɗo daga kan tsani yana rubuta allon wani gidan burodi, ya karya ƙafa. Maza duk suna wajen yaƙi, Mama ce ke tuƙa motar asibiti, ita ta ɗauke shi, kuma tun daga bakin gidan burodin har asibiti faɗa take yi masa a kan me ya kai shi sama tunda bai iya tsayuwa ba. Bayan shekara biyu, da kamfani suka ce ya ƙirƙiro musu jarumi don sabuwar mujallar zane, sai ya yi Hayaƙi, wato Grant, ɗan kwana-kwanan da gobarar wata masana'anta ta rutsa da shi, ya fito yana iya rikiɗa ya zama hayaƙi. Wadda ta jawo shi daga wutar da wuyan riga ita ce Vera Tolliver, direbar motar asibiti. Goshin Mama ne, wushiryarta ce, da girar hagun nan da ke ɗagawa idan mutum ya fara mata ƙarya. Vera ta san sirrinsa tun shafi na biyar, don a bayan motarta ya fara narkewa, ita kuma ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, in hayaƙi za ka yi, buɗe min taga." Baba bai taɓa wahalar neman abin da Vera za ta faɗa ba. Zama kawai yake yi a kicin da fensir a bayan kunne.

Shekara takwas Vera tana mutum. Daga nan aka fara surutu a gari cewa mujallun zane suna ɓata yara, masu kamfani suka tsure, suka duba duk abin da ke cikin mujallar, da bindigogi da bama-bamai da masu kisa, suka ga babu abin da ya kai mace mai wando haɗari. Aka ƙwace mata mota aka zaunar da ita gaban tafireta a ofishin 'yan kwana-kwana. Aka jefo mata tukunyar furanni a ka daga bene na uku don ta manta sirrin. Baba ya yi gardama har muryarsa ta dishe, ba wanda ya saurare shi. Daga nan sai da Vera ta yi shekara goma sha ɗaya tana binciken ko wane ne Hayaƙi, alhali ga shi nan zaune a teburin da ke kallon nata, da haɓarsa, da muryarsa, yana warin ƙauri, bambancin kawai ɗan ƙyallen da yake ɗaurawa a ido. Na tuna Mama tana guga tana cewa, "Ni ko a buhu aka ƙunshe mijina Kazimir, da tarinsa zan gane shi. Wannan ba ni ba ce, wata sakara ce ta ari goshina."

A 1961 suka karɓe mujallar daga hannun Baba, wai hannunsa ya tsufa, ya koma zanen tallan firiji har ƙarshen ransa. Waɗanda suka gaje shi, ban san wace irin mace ce ta raine su ba. Suka mayar da Vera rabi kifi. Suka kumbura ta har ta fi dogayen benaye, ta zauna tana kuka wai yanzu wa zai aure ta. Suka ɗaura mata aure da sarkin goggon biri na wata duniya. Sauran lokacin kuma tana ƙulla makircin da zai tilasta wa Hayaƙi ya aure ta, shi kuma yana kunyata ta a shafin ƙarshe yana kanne wa mai karatu ido, wai ya koya mata hankali. Ɗaure ta a kujera kuwa ya zama sana'a. Duk mugun da ya shigo gari, kafin ya nemi masauki sai ya fara neman igiya. Matar da ta ɗauko ƙato daga cikin wuta da hannu ɗaya, yanzu igiyar shanya ta gagare ta.

Shekarar da kika tafi, 1974, ita ce shekarar da na shiga kamfanin ina shafa launi, saboda haka daga nan da idona na gani, kuma da hannuna na taya, ba zan wanke kaina ba. A lokacin sun ji ana maganar 'yancin mata a rediyo, sai suka sa mata manyan tabarau suka koya mata dambe. Wannan 'yancin ya yi wata takwas. Daga nan tabarau suka ɓace, riga ta fara ƙanƙancewa, ƙugu ya tsuke har na rasa inda hanjinta yake kwana. Kwalbar launin fata ita ce ta fi saurin ƙarewa a teburina. Masu zanen nan, Yaya, manyan mutane da gemu, wasu da jikoki, su taru a kan shafi ɗaya suna gardamar ko a ƙara yage rigar ta wajen kafaɗa. Sai su juyo su tambaye ni, "Renata, ke da kike mace, ya kika gani?" In ce na ga tana jin sanyi.

A 1981 suka ɗaura wa Vera da Hayaƙi aure, aka yi ta buga labari a jaridu, mujalla ta ƙare a kasuwa cikin kwana biyu. Washegari suka farka suka ga ba su san abin da ake yi da matar aure ba. Suka ɗaura mata rigar girki suka tsayar da ita a bakin taga, shekara da shekaru tana kallon sama tana hawaye, abinci yana hucewa a bayanta. Suka ba ta ciki, ta haihu, marubucin ya bar aiki, wanda ya zo bayansa ba ya son jarirai, sai aka wayi gari wai mafarki ta yi. Bayan rasuwar Baba kuma suka ce ai shekara biyun da suka wuce ba Vera ba ce a gidan, mutum-mutumi ne, ita ta gasken tana ɗaure a wani kogo. A kan kujera, ba sai na faɗa miki ba. Miji mai gani har ta cikin ramin makulli ya yi shekara biyu yana kwana da ƙarfe bai lura ba.

To, bara sai aka kawo mana sabon edita, Gary Loomis, ɗan shekara talatin da huɗu mai ɗaure gashi a ƙeya kamar wutsiyar akuya. Daga kamfanin buga katin 'yan wasa aka ɗauko shi, kuma bai taɓa kiran mutanen mujallar da sunansu ba, sai dai ya ce "kayanmu". A taronsa na farko ya ɗora ƙafa a kan tebur ya ce, "Hayaƙi yana buƙatar ciwo. Namijin da ke da mata a gida ba ya ba kowa tsoro." Kowa ya gyaɗa kai kamar an saukar da wahayi. Aka tsayar cewa a fitowa ta ɗari biyar za a kashe Vera. Ni ko a jikina, don na daɗe da sanin ba ta da sauran abin da za a kashe. Abin da ban sani ba shi ne wanda za a ba wuƙar.

Autanmu Tadek, Yaya. Shekararsa arba'in da ɗaya yanzu, kuma babban littafin nan da yake rubutawa tun kina nan har yau yana babi na uku. Ya sayi kwat mai facin fata a gwiwar hannu, ya koyi riƙe haɓa idan ana magana, abin da ya rage masa kawai shi ne rubutun. Loomis bai taɓa karanta layi ɗaya nasa ba, sunan gidanmu, Zaremba, yake so a bangon mujallar, don a ce ɗan wanda ya halicce ta shi ne ya binne ta. Ya kira shi cin abincin rana sau ɗaya, ya ce masa "marubuci" sau biyu, shi ke nan Tadek ya miƙa wuya. Wata huɗu yana zuwa gidan Mama kowace Lahadi yana cin abincinta, bai ce wa kowa uffan ba.

A watan Yuli aka ajiye min shafukan a tebur don in shafa launi. Ina ta buɗewa ina hamma har na kai shafi na arba'in da huɗu. Mugun ya cinna wa gidan wuta, Vera tana kwance a ƙasa cikin rigar barci, Hayaƙi ya durƙusa a kanta. Shekara talatin rabon da a zana ta da fuskar Mama, kowane mai zane fuskar 'yar tsana yake manna mata. Amma a wannan shafin, Yaya, Mama ce. Goshin, wushiryar, har ɗan tabon da ke gefen haɓa wanda Baba ma bai taɓa zanawa ba. Da na tashi aiki na wuce gida kai tsaye, na tarar hoton nan na zaure, wanda take jingine da motar asibiti, babu shi a bango. Mama ta ce ai Tadek ne ya ɗauka, wai zai kai a gyara masa gilashi.

Washegari na tare shi a barandar ofis. Bai ko ji kunya ba. Ya riƙe haɓa ya ce, "Yaya Renata, ke launi kika sani, ba ki san adabi ba. Wannan girmamawa ce. Na mayar mata da fuskarta ta asali." Na ce, "Ka mayar mata da fuska don ka ƙona ta? Uwarka tana raye, jiya ma ta aiko maka da miya a kwalba." Ya ce wai na cika ɗaukar abu da zafi, ai takarda ce kawai. Na ce in takarda ce kawai me ya sa ka yi mata ƙaryar gilashi? Nan ya duba agogo ya ce yana da taro. Na kwashi shafukan na kai wa Loomis na ce ba zan shafa ba. Ya yi murmushi ya ce kada in damu, akwai masu kwamfuta a bene na sama. Na ce, "Gaskiya ne, su suka dace, kwamfuta ba ta da uwa."

Ban gaya wa Mama ba a lokacin, ina ganin me zai sa in ɗaga mata hankali a kan abin da ba za ta taɓa buɗewa ba. Sai a watan Satumba abu biyu suka faru. Na farko, na shiga ofishin Loomis neman wasu shafuka, ya jawo durowa a gabana, na ga zanen bangon watan Afrilu mai zuwa: Vera ta dawo daga cikin hayaƙi, 'yar shekara ashirin da biyu, cikin matsattsun kayan fata, da bindigar da ta fi ta tsawo, ba ta tuna ta taɓa aure ba. Ba a binne ta ba an riga an haƙo ta. Na biyu, Mama ta kira ni tana murna, wai Tadek ya ce kamfani za su yi taron karrama Baba a wani babban otal, suna son ta hau dandamali.

Ranar Asabar na je na same ta tana naɗa pierogi, na zauna na zayyana mata komai, da hoton, da wutar, da watan Afrilu. Hannunta bai tsaya ba, tana cusa dankali tana matse bakin ƙullu. Ta ce, "A wane bene take?" Na ce na ƙasa. Ta ce, "Akwai taga?" Na ce har biyu. Ta ce, "Kuma ba ta fasa ba?" Na ce ba ta fasa ba, tana tsaye kusa da tarho. Girar nan ta ɗaga. Ta jera guda shida a faranti kafin ta sake magana. Ta ce, "Ki gaya wa Jerzy ya wanke mota. Zan je." Na ce Mama, wulaƙanci za ki je ki gani. Ta ce ta sani, ai ta daɗe ba ta fita ba.

Ranar talatin ga Oktoba da rana muka isa. Da kin ga zauren nan da kin yi dariya har kin zauna a ƙasa. Magidanta masu sanƙo da tumbi sun matse cikin kayan Hayaƙi ruwan toka, kowa da baƙin ƙyalle ɗaure a damtse, fuska a murtuke kamar uwarsu ce ta rasu. Kowanne ya rungumo kwafi biyar ko goma, a liƙe cikin leda, kuma ba mai niyyar buɗewa, don wai in an buɗe darajarta ta zube. Suna makokin matar da ba su ma karanta yadda ta mutu ba. A kan dandamali an ajiye akwatin gawa mai ƙyalli, da furanni, da kyandir na lantarki, da wani ƙaton hoton shafi na arba'in da huɗu wanda ya kai tsawon ƙofa biyu. Mama ta tsaya ta kalli gawarta a bango, ta gyara maɓallin kwat ɗinta ta coci, ta ce kunnen bai yi daidai ba.

Loomis ya fara jawabi, murya na rawa, har da tsayawa ya haɗiye yawu. Sunan Baba sau ɗaya ya fito, shi ma bai faɗe shi daidai ba. Tadek ya karanta shafi uku a kan yadda marubuci yake kashe abin da yake ƙauna, yana ɗago kai yana duba ko ana kallon sa. Sannan aka ce ga Vera ta gaskiya, zaure ya ɗauki tafi, Jerzy ya riƙe ta ta hau matakala. Loomis ya sumbaci hannunta, ya miƙa mata farin fure ta ɗora a kan akwatin, ya kuma yi kuskuren da zai tuna har ya tsufa, ya miƙa mata makirufo.

Ta taka a hankali har gaban akwatin, ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Kowa ya ji ƙarar kwali. Ta sa hannu ta ɗaga murfin ta leƙa, nan ne mai hoton jaridarku ya ɗauke ta. Abin da ke ciki ragowar baƙaƙen ƙyallayen damtse ne da rabin burodin wani ma'aikaci. Ta ce, "Babu kowa a ciki." Aka yi 'yar dariya. Loomis ya matso da sauri ya ce ai Vera tana cikin zukatanmu. Mama ta ce, "A'a, ɗana, tana cikin durowar teburinka. Ba watan Afrilu za ku dawo da ita ba? Da bindiga, an ce min, kuma kun rage mata shekaru. In kuna da sauran maganin ku sammin, gwiwa ke damuna." Wani daga baya mai rungume da kwafi goma ya kurma ihu, "Afrilu?" Sai hayaniya ta ɓarke. Mama ta jira, kin san yadda take jiran mutum ya gama haukansa. Ta ce, "Ni na ɗauki gawa ta gaske, wadda ba ta dawowa a watan Afrilu. Na binne miji. In kuka kuke ji, kowa ya je ya nemi kabarin nasa, akwai wanda ya daɗe ba a kai masa fure ba." Ta juya ta danƙa wa Tadek furen ta ce, "Riƙe, kai ne mai gawa." Ta ajiye makirufo a kan akwatin, ta ce wa Jerzy ya zo ya sauke ta.

Muna fita wata mata mai furfura ta tare mu da wata tsohuwar fitowa ta 1947 da ta sha hannu har ta yi laushi kamar tsumma. Ba ta nemi a sa mata hannu ba, ta ce kawai tana so ta ga ko da gaske akwai matar. Mama ta tsaya ta yi hira da ita kusan minti goma, mu kuma muna jin ana ta zagin Loomis a ciki.

Ran Litinin Loomis ya kira ni ofis. Na riga na ɗaure kayan aikina a jaka tun safe, saboda haka maganar ba ta yi tsawo ba. Shekara goma sha tara, ko kallon baya ban yi ba. Kada ki damu da ni, na samu aiki wajen masu buga littattafan yara, yanzu tsuntsaye nake shafa wa launi, kuma har yau ba a ɗaure ko ɗaya a kujera ba. Tadek kuwa an cire shi daga fitowar Afrilu, Loomis ya daina ɗaukar wayarsa. Matarsa Colleen ta kira ni tana ihu wai mun kashe masa sana'a. Na ce ta kwantar da hankalinta, a wajensu ba a daɗewa a mace. Vera kuma za ta dawo yadda suka tsara, har an ce sun matso da ita Fabrairu, tunda asiri ya tonu.

Lahadin da ta wuce, bayan an taso coci, sai ga Tadek ya zo da hoton a hammata, ba kwat, ba riƙe haɓa. Ya fara wani dogon bayani tun daga bakin ƙofa, Mama ta ce ya zauna tukuna. Ashe ta aiki Jerzy ya sayo mata kwafi ɗaya. Ta sa wuƙar yanka burodi ta farke ledar, ta tura masa mujallar gabansa ta ce, "Idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Karanta min. Ba duka ba, abin da Vera ta faɗa kawai." Ya buɗe yana neman wuri. Ya wuce shafi takwas na faɗa da tsalle-tsalle, a na tara ya karanta, "Grant?" Ya ci gaba da buɗewa, kunnuwansa suna ja. A shafi na talatin ya ce, "Grant!" Daga nan ya rage saurin buɗewa, don ya riga mu sanin abin da ya rage. A na arba'in da huɗu sunan ne dai karo na uku. Ya rufe. Mama ta ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan. Ta daɗe tana kallon sa, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Tadek, shekara arba'in da ɗaya kana zaune a teburin nan ina magana. Abin da ka ji ke nan?" Ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan bangon mujallar. Ta tashi ta zubo masa miya ta ajiye a gabansa ta ce ya sha kafin ta huce.

Ni dai har yanzu ban yi masa magana ba, kuma ban ga ranar ba tukuna. Na san zai rubuto miki, don ke ce kullum mai jin tausayinsa. Ki ba shi amsar da kika ga dama, ba zan sa baki ba.

Ki gaishe min da Desmond, ki ce ya bi maganar likita ya bar ɗaukar kaya masu nauyi. Ki gaishe da Monika da Piotr, da surukarki Misis Callaghan, da maƙwabciyarki mai aiko mana da zuma. Jerzy da yaranmu su Kasia suna gaishe ku, Goggo Zofia ma ta ce kada in manta da ita. Mama ta ce in gaya miki ta ga guntun jaridar, kuma ba ta yafe wa mai hoton ba, don ya ɗauke ta hularta a karkace. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Renata.